Rigar da Aka Kai wa Sarki Zurfau

A zamanin Sarki Gagarau na Birnin Sarmadu, wata ranar kasuwa da hantsi, tsohuwar rijiyar ƙofar fada ta yi gyatsa. Ba wasa nake yi ba, gyatsa ta yi irin ta wanda ya ƙoshi da fura. Mata masu ɗibar ruwa suka zubar da guga suka ranta a na kare. Sai ga wani dogo ya fito daga ciki, ƙafafunsa irin na zalɓe, gemunsa kore shar kamar gansakuka, ko ɗigon ruwa babu a jikinsa. Ya nufi fada da wani abu a lulluɓe, dogarai suna ja da baya suna tuntuɓe da juna.

Ya tsaya gaban sarki, bai durƙusa ba. Ya ce, "Aminci ga sarkin bisa ƙasa daga Sarki Zurfau, sarkin aljanun Birnin Ƙarƙashi. Ni ne Sululu, bakinsa da ƙafarsa. Ya ce in gaishe ka gaisuwar tsara da tsara, ga kuma kyauta."

Ya yaye lulluɓin. Tasa ce ta jan ƙarfe, an zana kifaye a bakinta, kifayen nan kuwa iyo suke yi suna zagaya ta. Bisa tasar ga wani ɗan gajimare da bai wuce hula ba, yana cida, yana walƙiya, yana zuba ruwa a ciki, tasar ba ta cika, ruwan ba ya ɗaukewa. Fadawa suka saki baki har ƙuda na shiga.

To, kada ka ji an ce kyauta ka ɗauka alheri ne. Sarakunan wancan zamani sun gaji da yaƙin mashi, sai suka koma yaƙin kyauta. In sarki ya aiko maka da abin mamaki, dole ka rama da wanda ya fi shi. Wanda ka aika wa zai buɗe taskarsa ya duba. In ya ga babu irin naka, kuma ba za a sake yin irinsa ba, to ya faɗi, daga ranar nan shi ne ƙasa, kowace shekara sai ya aiko maka da gaisuwa. In kuwa ya fito da irinsa, kai ne ka faɗi. Jini ba ya zuba a fagen fama, sai dai a rumfunan masu sana'a, waɗanda babu mai ƙirga su.

Gagarau ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba, cikinsa kuwa wuta ke ci. Ya ba Sululu tukuici, dogon ya koma rijiyarsa. Tun ruwan bai gama kaɗawa ba sarki ya sa aka tattaro masa maƙera da dukawa da masassaƙa da masaƙa. Kowa ya kawo aikinsa sai a ajiye kusa da tasar, sarki ya dubi wannan ya dubi wancan, ya yi tsaki. Tsakin Gagarau kuwa ba ya tafiya a banza. Maƙerin da ya ƙera takobi mai kuka an daddatse masa yatsu a kan uwar maƙerarsa. Badukun da ya yi sirdi mai canza launi an ɗinke shi a cikin fatar bijimi aka shanya a rana. Gari ya yi tsit, ko sautin guduma ba ka ji.

Daga nan aka tuna da Nomau maɗinki, wani siririn saurayi mara yawan magana, wanda in ya sa allura a wuyan riga har mutane ke tsayawa kallo. Aka kulle shi a wani ɗaki cikin fada da zaren tsamiya da alharini da farin saƙi. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, aka cinye sabon gero, yana ciki. Ranar da ya fito ya rame ya koma kamar allurarsa. Rigar tana naɗe cikin farin ƙyalle, ya ɗinke bakin ƙunshin ruf, domin kyautar sarki ba a yarda wani ido ya riga na mai ita ganinta ba, ko da idon wanda ya aika ne.

Sarki ya ce, "Kai, me zai nuna mini cewa ba tsumma ka naɗe ba?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da na sani yana ciki."

Sarki ya ce a kira masa Jatau. Jatau babban jakadansa ne, ya sha kai kyauta fadojin gabas da yamma, bai taɓa dawowa da kunya ba. Kuma shi ne wan Nomau uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya rene shi bayan iyayensu sun rasu. Gagarau mugu ne amma ba wawa ba ne, ya san saniyar da aka ɗaure maraƙinta a gida ba ta kwana a daji.

Ya ce, "Jatau, za ka kai wa Zurfau wannan. In ya faɗi, ƙanenka zai koma gida da idanunsa. In ya fito da irinta, ko ka ɓata a hanya, ko wani ido ya riga nasa, Sarkin Aska zai ƙwaƙule idanun nan biyu a ƙofar fada. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Allah ya ba ka nasara."

A bakin rijiya aka bar su su yi sallama. Nomau ya ce, "Yaya, kada ka ɗora ta a ka, gumi zai ratsa. Rungume ta za ka yi."

Jatau ya ce, "Kai dai ka riƙa cin abinci." Ya kama igiya ya sauka.

Igiya ta ƙare, ƙasan rijiya bai zo ba. Jatau ya yi bisimilla ya saki. Ya yi ta faɗuwa har ya gaji da ihu ya yi shiru, can sai ya ji shi tim a kan yashi. Ya ɗaga kai ya ga sararin ƙasar nan ruwa ne, kifaye ke shawagi a ciki maimakon tsuntsaye. Ya matse ƙunshi a ƙirji ya kama hanya.

Bai yi nisa ba ya iske Kogin Baba, shuɗi shar kamar ruwan baba a rijiyar marina, yana tafasa yana tururi. A bakinsa wani kada na kwance, tsawonsa ya yi na kwale-kwale uku, da rawani a kansa.

Jatau ya ce, "Sallama gare ka, ma'abocin kogi. Jakadan sarki ne zuwa ga sarki, ina neman fito."

Kadan ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ba a haye ni hannu rabbana. Buɗe ƙunshin nan in ba idona abinci, ko ka ba bakina."

Jatau ya miƙa masa guzurinsa, ya miƙa zobensa, ya miƙa takobinsa. Kadan ya yi dariya har kogin ya yi ambaliya. Ya ce, "Abin da ka saya a kasuwa kake ba ni? Abin da uwarka ta haifa nake ci."

Jatau ya mayar da ƙunshi hannun dama, ya miƙa na hagu. Ƙaras! Yatsu biyu suka tafi. Ya yage bakin rawaninsa da haƙori ya ɗaure wurin tamau, ba don zafi ba, don kada jini ya taɓa ƙyallen. Ya hau bayan kadan suka haye, ruwan na fantsama yana sale masa ƙwauri.

Ya ratsa kwarin da duwatsu ke cizo, ya ratsa dajin da itatuwa ke bin mutum a baya in ya juya su tsaya. Daga nan ya fito wani fili fetal, cike da mutane a tsattsaye sahu-sahu. Da ya matso sai ya ga daga ƙafa zuwa wuya duk busasshiyar laka ce, kawunan ne kaɗai ke da rai. Kowanne yana riƙe da wani abu: wannan madubi, wancan kujerar hauren giwa, wani kejin zinariya. Hankaki na sauka a kansu suna tsattsagar kunnuwa, babu hannun kora.

Wani mai furfura ya ce, "Bawan Allah, don girman iyayenka jiƙa mini leɓe."

Jatau ya ɗura masa ruwan gora. Mutumin ya ce, "Duk nan da ka gani jakadu ne. Ni sirdin zinariya na kawo, sarkinmu ya ɗauka babu irinsa. Zurfau ya sa aka zubo irinsa har suka yi tsibi, karnukansa ma a kan irinsa suke kwana. Garin da ya aiko ni yanzu ko kufai babu, ni ga ni nan riƙe da sirdi. Koma, tun ƙafarka tana taka."

Jatau ya ce, "An ɗaure mini ƙane a gida."

"To wuce, Allah ya ji ƙanka. Amma kafin ka tafi kora mini wannan hankakan."

Ya kora masa ya wuce. Yana juya baya hankakan ya dawo.

A ƙofar Birnin Ƙarƙashi ya tarar da wata tsohuwa tsugune, babu komai a jikinta sai ɗan tsumma, tana rawar sanyi haƙora na haɗuwa. Ta ɗago kai ta dubi Jatau. Fuskar mahaifiyarsa ce sak, har da tsagar da ke kumatunta.

Ta ce, "Jatau, Jatau ɗana, sanyin kabari ya ishe ni. Ga riga a hannunka, lulluɓa mini ko na ɗan lokaci. Jatau, ni ce fa na shayar da kai."

Wallahi hannunsa har ya kai kan ɗinkin. Sai ya tsaya. Shi ɗan fari ne, uwarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba, "kai wannan" take ce masa, ko ta aiki wani ya kira shi. Wannan kuwa sai rattaba sunan take yi kamar mai tallan gyaɗa.

Ya ce, "Ya ke mai tsaron ƙofa, kin ari fuska amma ba ki ari kunya ba. Tuɓe fuskar uwata, ba taki ba ce."

Tsohuwar ta miƙe, ta yi ta miƙewa har kanta ya kai saman ƙofa. Fuskar ta zube kamar ɓawon ƙwai, ta bar wata baƙa mai haure. A wuyanta ga tsakiya irin ta ado, ba ta duwatsu ba, ta idanun mutane, duk suna ƙiftawa.

Ta ce, "Ka gane ni, ɗan Adam, amma ganewa ba ta buɗe ƙofa. Ka hana idona, to ba ni naka."

Jatau ya ce, "Ɗaya?"

"Ɗaya."

"Ɗauki. Biyu nake fansa da shi, na ci riba."

Ta sa farce ta cire na hagu, ta zura a tsakiyarta. Jatau ya faɗi ya birgima yana cizon ƙasa, amma hannun da ke riƙe da ƙunshi yana sama. Da ya farfaɗo ya ga ƙofa a buɗe.

Fadar Zurfau da ruwan da ya daskare aka gina ta, kore, kana hango kifaye ta cikin bango. Sarkin na zaune bisa wani kunkuru mai girman rumbu. Tsufansa ya wuce misali, gemunsa ya zubo ƙasa har an saƙa shi tabarma, a kanta fadawansa ke zama. Sululu na tsaye a damansa.

Jatau ya tsaya, shi ma bai durƙusa ba. Ya ce, "Aminci ga sarkin ƙarƙashin ƙasa daga Sarki Gagarau na Sarmadu. Ya ga tasarka ya yaba. Ya ce in gaishe ka gaisuwar tsara da tsara, ga kuma ramuwa."

Zurfau ya dube shi sama da ƙasa, ya ga hannu mai yatsu uku, ya ga ramin ido, ya ga ƙyalle fari fat babu ɗigo. Ya ce, "Sarkinka ya iya zaɓen jakada. Bari mu ga ko ya iya zaɓen kyauta."

Ya sa farce ya tsinke ɗinkin, ya warware. Riga ce ta tsamiya, aikin aska takwas ya sauko daga wuya zuwa aljihu, kowace aska da kaifinta, wani bafade ya kai yatsa ya janye da jini. Zurfau ya taɓe baki ya ce, "Ma'aji!" Nan da nan aka shiga fito da riguna: wadda aka ɗinka da zaren walƙiya, wadda askarta ke yanka ƙarfe, wadda ke sa kanta a jikin mai ita. Jatau ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi. Ya duba ƙasa, laka ta kama shi har idon sawu tana hawa.

Zurfau ya ɗaga rigar zai jefar, sai bayanta ya juyo gare shi. A tsakiyar bayan akwai tambari, wannan zagayayyen ɗinki da ake yi kamar naɗin gammo. Tambarin nan ya soma juyawa a hankali.

Sarkin ya ƙura masa ido. Hannunsa ya tsaya a sama. Can sai ga hawaye na bin gemunsa har tabarmar fadawa ta jiƙe. Duk wanda ya dubi tambarin nan gidan da aka haife shi yake gani, da uwarsa a ciki tana aikinta. Zurfau ya ga wani kogo da teku ta cinye tun kafin a yi mutane, ya ga wata aljana tana niƙa, ta juyo ta kira shi da sunan yarinta wanda shi kansa ya manta. Fadawa suka leƙa, kowa ya ga tasa uwar, fada ta rikice da kuka.

Jatau ma ya duba da idonsa ɗaya. Ya ga tsakar gidansu na Sarmadu, ga uwarsu ta gaske zaune tana kaɗi, ba ta dube shi ba, kamar yadda ta saba. Ga Nomau goye a bayanta, jariri, yana miƙa ɗan hannu zai kama zaren.

Zurfau ya ce, "Ma'aji, akwai irin wannan a taskata?"

"Babu, ranka ya daɗe. Ko mai kama da ita babu."

Lakar ta farfashe ta zube daga ƙafafun Jatau. Saura kalma ɗaya Zurfau ya ce ya faɗi, Nomau ya tsira. Sai tsohon ya share ido, ya tambaya a hankali kamar mai tambayar jikansa, "Ya kai jakada, hannun wa ya yi wannan?"

Ka ga wannan tambaya, kowane sarki yana yinta, kowane jakada kuma ya san amsarta tun ranar da aka naɗa shi: "Mai yinta ya riga mu gidan gaskiya." Kowa ya san ƙarya ce, babu mai bincike, da ita ake tabbatar da cewa ba za a sake yin irin kyautar ba, da ita kuma masu sana'a ke tsira da ransu. Jatau ya faɗe ta a fadoji ba iyaka ko gezau. Amma yau yana kallon jaririn nan a bayan uwarsu, ya ce ya mutu? Ga shi kuma tun da ya ɗauki renon Nomau bai taɓa yabonsa ba ko sau ɗaya. Wanda ya rene ka ba ya yabonka, kunya ce, sai dai ya ce "ba laifi" ya kau da kai. Yabon shekara da shekaru ya taru a cikinsa kamar ruwa a bayan shinge, ranar nan shingen ya ɓalle.

Ya ce, "Yana raye, ranka ya daɗe! Ƙanena ne, Nomau, ni na goya shi. Tun bai iya magana sosai ba yake ɗinke ganye da ƙaya. Na zaga fadojin duniya, na ga aikin gabas na ga na yamma, ban ga hannu irin nasa ba. In na ga ana tsayawa kallonsa a rumfa, sai in bi ta wani lungu don kada a ga fuskata. Wannan ma somin taɓi ne, yaro ne, nan gaba sai ya yi wadda ta fi ta!"

Kash! Baki shi ke yanka wuya. Har kunkurun sai da ya ja kansa ciki. Jatau ya ji abin da ya faɗa bayan ya riga ya fita, magana kuwa zarar bunu ce.

Hawayen Zurfau suka bushe. Ya rungume rigar ya ce, "Wadda ta fi ta. Wato gobe wani sarkin ƙauye zai sa irin abin da ya nuna mini uwata, ya zauna a kansa, ya goge maiƙo da shi. Sharaɗi biyu ne, jakada. Babu irinta, na yarda. Ba za a yi irinta ba, kai da bakinka ka ce za a yi. Saboda haka ban faɗi ba. Gaya wa sarkinka kyautarsa da saura. Ya aiko mini da idanun da suka ga hanyar allurar nan, ni kuwa in faɗi da murna. Gara in yi ta kai gaisuwa har duniya ta naɗe da in ji wani yana da irinta."

Jatau da bai durƙusa ba ɗazu, yanzu ya zube yana dukan ƙasa da goshi. "Ƙarya na yi, ranka ya daɗe, ya mutu, ya daɗe da mutuwa! To ga nawa, saura ɗaya, cire shi!"

"Idon da hanya kawai ya sani? Me zan yi da shi?" Zurfau ya tuɓe wata munduwar zinariya ya jefa gabansa. "Yaba kyauta tukuici. Ɗauka."

Ƙin tukuicin sarki shelar yaƙi ce. Jatau ya ɗauka da sauran yatsunsa, ya yi godiya kamar yadda ake yi, kalmomin na fita kamar ana zare masa hanji. Ya so hanyar komawa ta yi tsawo, ya so kadan nan ya cinye shi gaba ɗaya. Ina! Sululu ya saɓe shi a hammata kamar ɗan akuya, taku kaɗan sai ga su a bakin rijiyar Sarmadu, rana tsaka.

Sululu ya isar da saƙo a gaban fada, bai rage ba bai ƙara ba. Gagarau ya saurara, sai ya fashe da dariya, wannan karon har ciki. Ya ce, "Shi ke nan abin da yake so? Na ɗauka wani abu ne mai tsada. A kira Sarkin Aska."

Jatau ya rarrafa ya kama ƙafarsa. "Zaki, ka yi alkawari. Na kai ta babu idon da ya gani, an buɗe taska babu irinta. Dubi hannuna, dubi fuskata. Ka ce zai koma gida da idanunsa."

Gagarau ya janye ƙafa ya ce, "Alkawari tsakanin sarki da sarki ake yinsa."

Aka fito da Nomau. Bai san me ake ciki ba, yana hango wansa ya ruga, sai ya yi turus. "Yaya! Wa ya yi maka haka?" Wani dogari ne ya gaya wa yaron abin da za a yi, a taƙaice, kamar mai faɗin farashin goro.

Nomau bai yi ihu ba. Ya roƙi a ɗan dakata masa, aka dakata. Ya dubi sama, ya dubi tafin hannunsa ciki da baya, ya dubi wani zare ja da ya maƙale a hannun rigarsa ya cire shi. Daga ƙarshe ya dubi Jatau, ya daɗe yana dubansa. Sa'an nan dogarai suka danne shi, Sarkin Aska ya yi aikinsa ba da son ransa ba, don shi ma rigar da ke jikinsa ɗinkin Nomau ce.

Aka sa idanun a ƙaramar batta, aka naɗe da ragowar alharini. Sululu ya karɓa, ya lanƙwashe dogayen ƙafafun nan ya durƙusa, ya ce Zurfau ya faɗi, gaisuwa za ta riƙa zuwa kowace shekara. Tambura suka ɗauka, maroƙa suka fasa kirari, aka yi ta guɗa a cikin gida. Gagarau kuwa don a san shi mai kyauta ne, ya sa aka ba Nomau sanda mai kan azurfa, ya naɗa shi Sarkin Makafin Sarmadu nan take, jini na bin kumatunsa. Fadawa suka ce, "Ya gode, Zaki, ya gode!" Allah wadaran irin wannan kyauta.

Jatau ya goya shi zuwa gida kamar da. Ya kwantar da shi a zaure, ya wanke masa fuska, ya ɗaure da tsumma mai tsabta. Ana jiyo tambura daga nesa. Sai da la'asar ta yi sanyi Nomau ya yi magana.

"Yaya, ya juya bayanta?"

"Ya juya."

"Me ya yi?"

"Kuka ya yi, har gemunsa ya jiƙe. Duk fadar kuka suka yi."

Nomau ya yi ɗan murmushi. Sa'an nan ya ce, "To yaya aka yi ya san ina raye? Ai mai yin kyautar sarki matacce ne, kai ka koya mini haka."

Jatau ya shiga gyara masa ɗaurin tsumman.

"Yaya, me ka ce masa?"

Jatau ya faɗa masa, bai ɓoye ko kalma ba: ganye da ƙaya, fadojin gabas da yamma, lungun da yake bi don kada a ga fuskarsa, somin taɓi. Yana faɗa yana kuka da idonsa ɗaya.

Nomau ya lalubo hannunsa ya riƙe. Ya ce, "Ashe haka kake ganina? Duk rigar da na gama kai nake fara kai wa, ka ce ba laifi. Na ɗauka ban iya ba ne, shi ya sa nake ta ƙarawa."

"Nomau, ka yafe mini."

"Da a nan zauren ka faɗa mini, Yaya, ko sau ɗaya, da ba ka kai shi har ƙarƙashin ƙasa ba."